Ka Shigo Jami'a Daga Tsakiya? Ga Yadda Za Ka Tsara Kanka a Bauchi ko Gombe

Duk shekara, bayan an gama zagayawa da 'yan aji ɗaya an nuna musu laburare da asibitin makaranta da ofishin harkokin ɗalibai, sai ka ga wasu sun ɓullo da fayil a hammata suna tambayar hanyar sashensu. Wani ya gama NCE, wato karatun shaidar malanta, a Kwalejin Aminu Saleh da ke Azare ko kwalejin ilimi ta tarayya (FCE) ta Gombe. Wata ta yi difloma a kwalejin Tatari Ali da ke Bauchi ko a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Gwallameji, ta samu DE, wato shiga jami'a kai tsaye, zuwa aji biyu. Wani kuma canjin jami'a ya yi ɗungurungum: an sauya wa mahaifinsa wurin aiki, ko yaƙin Sudan na 2023 ya koro shi gida yana tsaka da karatu. Akwai kuma wadda aure ya kawo ta Gombe daga wata jiha.

Hanyoyin shigowarsu daban-daban ne, amma matsalarsu ɗaya ce. Tsarin jami'a an shimfiɗa shi ne domin wanda ya fara daga aji ɗaya. Kai da ka faɗo daga tsakiya, kowa ɗauka yake ka riga ka san komai, saboda haka babu mai tsayawa ya yi maka bayani. Baƙo kuwa, in ji Hausawa, makaho ne ko da yana da ido.

Ni ma ta DE na shiga wata jami'a da ba sai na kama sunanta ba. Na yi karatuna lafiya lau, sai a ajin ƙarshe, lokacin da ake tattara sakamakon masu fita, aka gano akwai wani kwas ɗin aji ɗaya mai yunit 2 (yunit shi ne ma'aunin nauyin kwas) da ya wajaba a kan 'yan DE, ni kuwa ban taɓa jin labarinsa ba. Abokaina suka tafi hidimar ƙasa, ni na zauna ina jiran zangon da ake koyar da shi ya zagayo. Ban faɗi jarrabawa ba. Tambaya ɗaya ce ban yi ba a makona na farko. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne abin da na so a ce wani ya zaunar da ni ya faɗa mini.

Mataki na farko: kada ka baro tsohuwar makaranta da igiya a ƙafa

Kafin ka ɗaure kaya, ka tabbatar ka kammala sallama da inda ka fito: laburare, ofishin kuɗi, sashe, ɗakin kwana. Littafi ɗaya da ba ka mayar ba yana iya riƙe maka takardar sakamako wata da watanni.

Takardar sakamakon nan, wadda ɗalibai ke kira tiranskirif, ba a hannunka ake ba ka ta ba. Ofishin magatakardar tsohuwar makaranta ne ke aika ta kai tsaye zuwa sabuwar. Aikinka shi ne ka biya kuɗin, ka riƙe rasit, ka rubuta ranar da aka ce an aika, sannan ka je can ɗaya ɓangaren ka tabbatar ta iso. Takardu da yawa a tsakanin ofis da ofis suke kwana, kowane ɓangare yana cewa laifin ɗayan ne.

Akwai wani abu da kusan kowa ke mantawa: littafin jagorar ɗalibai na tsohon sashenka, wanda ke ɗauke da bayanin abin da kowane kwas ya ƙunsa. Ka taho da shi, ko ka ɗauki hoton shafukansa. Tiranskirif suna da lamba da maki kawai take nunawa. Ranar da za a zauna a duba ko kwas ɗin da ka yi can ya yi daidai da na nan, wannan littafin ne zai yi maka lauya.

Sai batun JAMB. Tun 2017 hukumar ke tafiyar da ba da gurbin karatu ta manhajar CAPS, kuma NYSC, hukumar hidimar ƙasa, ba ta kiran wanda sunansa ba ya cikin jerin ɗaliban da JAMB ta amince da su. Ma'ana, dole ne takardar JAMB ɗinka ta nuna jami'ar da kake ciki yanzu da kwas ɗin da kake karantawa yanzu. Idan har yanzu tsohuwar makaranta ce a rubuce, ka je ofishin ɗaukar ɗalibai na sabuwar jami'ar su nuna maka yadda za a gyara, kuma tun a shekarar farko. Wanda ya bari sai ajin ƙarshe, layi zai bi da ɗaruruwan masu irin matsalarsa.

Ka kuma jera takardunka a tabarma ka kalli sunanka a kowacce: WAEC ko NECO, JAMB, NIN, takardar haihuwa, takardar ƙaramar hukuma. A wajenmu nan ne ake yawan samun cikas. Nan an rubuta Muhammad, can Mohammed. Nan Aisha, can Aishatu. Nan sunan mahaifi ne a ƙarshe, can na kaka. Mu dai mun san mutum ɗaya ne, amma kwamfuta ba ta san haka ba. Haka ma ranar haihuwa, musamman ga malaman firamare da suka daɗe da NCE kafin su dawo karatu, tunda wanda ya haura shekara 30 a lokacin kammalawa takardar yafiya NYSC ke ba shi.

Mataki na biyu: fayil guda, wuri guda

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Ka sayi fayil ɗin roba mai zif. Takardun asali su zauna a gida ko a ƙasan akwati, ba sa fita sai ranar tantancewa. Ka yi fotokwafin kowacce kamar guda biyar, ka wanke ƙananan hotuna da yawa, domin kowane ofis sai ya nemi nasa. Ka ɗauki hoton komai da waya ka tura wa kanka ta imel, saboda waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta a tasha. Duk kuɗin da ka biya, ko ta Remita ko ta wata hanyar da makarantar ta tsara, ka buga rasit ɗin ka adana. Idan a shagon intanet (kafe) aka yi maka rajista, kada ka tashi sai ka karanta abin da aka cike da idonka, kuma ka canza lambar sirrinka da zarar ka fita.

Mataki na uku: zaman da ya fi kowane zama muhimmanci

Kowane aji a kowane sashe yana da malamin da aka ɗora wa kula da rajistar ɗalibansa, wanda aka fi sani da kodineta. Shi ne mutum na farko da za ka nema, tun kafin ka nemi ɗaki mai kyau ko mai abinci mai araha. Ka je da safe, da fayil ɗinka da biro da littafi. Ka yi sallama, ka jira a ba ka izini, sannan ka ce: "Allah ya gafarta malam, sunana wane, ta DE na shigo aji biyu. Na zo ne a duba mini kwasa-kwasan da suka hau kaina kafin in yi rajista." Idan mace ce, "Malama, barka da aiki" ya wadatar. Kada ka buɗe baki da "a makarantarmu ta da ba haka ake yi ba." Babu malamin da ke son jin wannan, ko da gaskiyarka.

Ga abin da za ka fito da amsarsa daga wannan zama. Waɗanne kwasa-kwasan aji ɗaya ne aka yafe maka, waɗanne ne dole ka koma ka yi? A nan ka matsa a kan kwasa-kwasan gama-gari, masu lambar GST ko GNS, irin su Turanci da tarihin al'ummomin Najeriya da koyon sana'a, domin su ne suka fi maƙalewa ba a sani ba. Waɗanne kwasa-kwasai ne ba a yarda ka ɗauka sai ka ci wani kafinsu? Yunit nawa ake buƙata ka tara kafin a yaye ka? A ƙa'idar NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, mai digirin shekara huɗu da ya fara daga aji ɗaya yana buƙatar aƙalla yunit 120, ɗan DE kuwa 90, amma sashe yana iya ɗora nasa a kai. Idan canjin jami'a ka yi, akwai ƙarin tambaya: makin da ka samu can zai shiga lissafin CGPA ɗinka na nan, wato matsakaicin makinka na duk zanguna, ko kwas ɗin kawai za a karɓa a fara maka sabon lissafi?

Tambaya ta ƙarshe ita ce wace manhajar karatu ajinku ke bi. A ƙarshen 2022 NUC ta fito da sabuwar manhaja mai suna CCMAS wadda ta maye gurbin BMAS, inda hukumar ke tsara kashi 70 na kwasa-kwasai, kowace jami'a ta cike kashi 30 da nata. Wannan kashi talatin ɗin shi ya sa mai karanta kwas iri ɗaya a Jami'ar Jihar Gombe da na Jami'ar Tarayya ta Kashere ba lallai su yi darussa iri ɗaya ba. Kuma shi ya sa tsohon fom ɗin rajistar wani babban yaya da ya gama shekarun baya ba abin kwafa ba ne.

Duk abin da kodineta ya faɗa, ka rubuta a gabansa. Idan an yafe maka wani kwas, ka roƙi a ba ka a rubuce da sa hannu. Ba rashin yarda ba ne. Malamai suna tafiya ƙaro karatu, ana canza musu aiki, kuma wanda zai tattara sakamakonka bayan shekara uku wataƙila bai taɓa ganinka ba. "Ai Malam wane ne ya ce ba sai na yi ba" ba hujja ba ce a gaban majalisar jami'a.

Daga nan sai ka zana wa kanka taswira. Ka samu babbar takarda, ka raba ta gida-gida, kowane gida zango guda, tun daga yanzu har fita. Ka zuba kwasa-kwasan dole a gidajensu, sannan ka nemo wa basussukan aji ɗaya wuri. Za ka ga wurin ba shi da yalwa, domin yawanci ba a yarda ɗalibi ya wuce yunit 24 a zango ba, ba a kuma yarda ya gaza 15 ba. Kwas ɗin zangon farko kuma sai a zangon farko ake yin sa. Idan injiniya ko fasaha kake yi, irin digirin shekara biyar da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) ta Bauchi ta yi suna a kansa, ka tuna SIWES, wato fita koyon aiki a masana'antu, yakan cinye zango guda a aji huɗu. Masu karatun koyarwa su ma suna da lokacin fita koyarwar gwaji. Shawarata ita ce ka biya bashin aji ɗaya tun a shekararka ta farko, ko da za ta yi maka nauyi.

Bari in ɗan tsaya a kan lissafi, domin 'yan difloma da yawa suna zuwa da ma'aunin maki 4 a kansu, alhali yawancin jami'o'i na 5 suke bi. Sakamakon A daga 70 zuwa sama maki 5 ne, B daga 60 maki 4, C daga 50 maki 3, D daga 45 maki 2. Ana ninka makin da yunit ɗin kwas, a tara, a raba da jimillar yunit. Digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa, babbar daraja ta biyu daga 3.50, ƙaramarta daga 2.40. To ɗan DE a digirin shekara huɗu zango shida kawai gare shi. A ce ya yi sakaci a shekarar farko da sunan yana sabawa, ya samu 2.50 a zango biyun. Idan nauyin zangunan daidai yake, sai ya riƙa samun 4.00 a kowane ɗaya daga cikin huɗun da suka rage kafin ya taɓo 3.50. Abokan ajinsa suna da makin aji ɗaya da za su jingina da shi. Shi ba shi da wannan matashin.

Mataki na huɗu: inda za ka kwana

Kafin ka ba kowa kuɗin haya, ka tabbatar a wace haraba tsangayarka take. ATBU tana da Yelwa a cikin gari da kuma Gubi can bayan gari, kuma wanda ya kama ɗaki a Sabon Kaura ko Gwallameji alhali laccocinsa a Gubi suke, kuɗin mota da sammako za su gaya masa. Jami'ar jihar Bauchi, wadda yanzu ke amsa sunan Sa'adu Zungur, tana da harabobi a Gadau da Misau da Bauchi, garuruwa uku masu nisa da juna. Ita Jami'ar Jihar Gombe a Tudun Wada take, cikin gari, amma Kashere tana ƙaramar hukumar Akko, ba wurin da za ka ce kullum daga Gombe za ka riƙa zuwa laccar ƙarfe takwas ba ne.

Gadon makaranta sau da yawa ya ƙare kafin 'yan tsakiya su iso. Duk da haka ka je ofishin harkokin ɗalibai ka tambaya da bakinka. Idan haya ce, ka je ka ga ɗakin da idonka, kuma tambayar farko ita ce ruwa: rijiya ce, burtsatse ne, ko sai 'yan garuwa? Rijiyar da ke cike a watan Oktoba ba lallai ta kai Afrilu ba. Sai wuta, sai ƙofar gida da lokacin rufe ta, sai maƙwabta. Ɗaliba mace ta je da wani nata, kuma gara ɗan ƙarin kuɗi a gidan da ke kan hanya mai jama'a da ɗaki mai araha a lungun da babu fitila. A karɓi rasit daga mai gida ko wakilinsa na gaskiya, ba daga ɗalibin da ya ce zai bar ɗakin ba.

Mataki na biyar: jadawalin da ke karo da juna

Tunda kana ɗaukar kwas a aji biyu da aji ɗaya lokaci guda, lallai wata rana laccoci biyu za su faɗo a sa'a ɗaya. Mai tsara jadawali bai yi da kai ba. Ka kwafi jadawalin azuzuwan biyu a takarda ɗaya, ka zagaye wuraren karo da jan biro, ka kai wa kodineta tun da wuri. Ƙa'idar halartar kashi 75 na lacca kafin a shiga jarrabawa tana nan a rubuce, kuma akwai malaman da ke aiki da ita ba sani ba sabo. Idan aka kafe jadawalin jarrabawa na gwaji, a ranar za ka duba shi. Karo a jarrabawa ana gyara shi ne kafin a fitar da na ƙarshe.

Ka riƙe ƙaramin littafi guda na ranaku: ranar tes, ranar miƙa aikin gida, ranar rufe rajista, ranar rufe ƙari da ragin kwas. Tes da aikin gida sukan ɗauki maki 30 ko 40 cikin ɗari, kuma wanda ya iso a mako na biyar ya riga ya rasa wani abu. Ka bi malaman ɗaya bayan ɗaya da takardar shigarka a hannu, ka nuna ranar da aka ba ka gurbi, ka roƙi a ba ka damar ramawa. Wasu za su yarda, wasu za su ce ka dage a jarrabawa. Ko ba komai sun san fuskarka.

Mataki na shida: jama'a

Da ɗan gari akan ci gari. Bayan kodineta, sai shugaban aji. Ka karɓi lambarsa, ka roƙi ya sa ka a zauren WhatsApp na ajin, haka ma na aji ɗaya idan kana da kwas da su. Sauya ɗakin lacca, ɗage tes, sabon handawut, duk a can ake sanarwa, wani lokaci da tsakar dare.

Akwai wani girman kai da ke kama mu 'yan DE, musamman wanda ya taɓa koyarwa ko yake da iyali. Sai ka ga mutum ya zauna a bayan aji shi kaɗai, yana ganin waɗannan ai ƙannensa ne, wasu ma sa'o'in ɗalibansa. Haka ne, amma yarinyar nan 'yar shekara goma sha tara ta san yadda malamin lissafi ke tambaya, tana da tsofaffin takardun jarrabawa, ta san wanda ba a shiga ajinsa bayan ya shiga. Za su kira ka "Baba" ko "Yaya", wata a ce mata "Anti" ko "Maman aji". Ka amsa da fara'a. Kai ma kana da abin bayarwa: ɗan difloma yakan fi su hannu a ɗakin gwaji da wurin aikin ƙarfe, mai NCE kuma ya iya tsayawa gaban allo. Ka koya musu wannan, su ba ka nasu.

Ka nemi sauran 'yan tsakiya na sashenku ku haɗa kai, domin matsalar mutum goma da aka kai ofis a takarda ɗaya ta fi saurin samun kunne. Ƙungiyoyi irin su MSSN ta ɗalibai Musulmi da FCS ta ɗalibai Kirista sukan shirya darussan bita kyauta, ƙungiyoyin ɗaliban jiha kamar NUBASS da GOSSA kuma ta wurinsu ake fara jin labarin tallafin karatu. Ɗaya ko biyu sun isa. Duk wanda ya matsa maka da tayin wata tafiya da ba a faɗin sunanta da rana, ko ya ce zai "gyara" maka maki idan ka kawo wani abu, ka yi masa sallama.

Game da kuɗi, watan farko ya fi kowane wata ci, saboda haka kada ka auna sauran da shi. Ka ware kuɗin mota da na handawut daban tun ranar da kuɗi suka shigo. Garin kwaki da shinkafa da wake daga Muda Lawal ko babbar kasuwar Gombe sun fi sayen kwano-kwano araha, ko da yake ban ce ka haramta wa kanka masar Bauchi ranar Asabar ba. Idan za ka nemi rancen karatu na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, wanda aka fara a 2024, sai makarantarka ta ɗora bayananka tukuna, kuma da lambar JAMB da NIN da BVN ake nema. Ka ga inda gyaran sunan nan na matakin farko ya sake dawowa.

Mataki na bakwai: ranar da sakamako ya fito

Idan an kafe sakamakon zangon farko, kada ka tsaya a kallon maki. Ka ɗauko fom ɗin rajistarka mai sa hannu, ka bi kwas-kwas kana gwadawa. Sakamakon 'yan tsakiya ya fi na kowa ɓacewa, saboda lambarsu ta matirik takan fito a makare, wani ya rubuta tes da lambar JAMB, jarrabawa kuma da sabuwar lamba, sai makin ya rabu gida biyu. Kwas ɗin aji ɗaya da ka yi a wani sashe ma yana iya maƙalewa can ba a turo shi ba.

Idan ka ga gurbi babu maki, ko an rubuta ba ka zauna ba alhali ka zauna, ka rubuta takardar koke a makon, zuwa ga shugaban sashe ta hannun kodineta. Ka sa sunan kwas da lambarsa, ranar jarrabawa da ɗakin da aka yi ta, da duk lambobin da ka taɓa amfani da su. Ka haɗa da kwafin fom ɗin rajista da katin jarrabawa. Ka yi kwafi biyu, ka miƙa ɗaya, a buga maka hatimin karɓa a ɗayan, ka mayar da shi cikin fayil ɗin roba. Bayan mako biyu ka koma ofishin jami'in jarrabawa ka gaishe shi, ka tambaya ko takardar ta iso teburinsa.